Amshi ko Maimaici? Tarken Kiɗan Antonio Vivaldi

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masu nazarin kiɗan Turai game da Antonio Vivaldi, makaɗin biyolin na birnin Benis a ƙasar Italiya. Cewa ake yi mutumin bai tsara koncerto ɗari biyar ba, guda ɗaya ya tsara, sannan ya yi ta maimaita shi har ya gaji. Galibi ana jingina maganar ga Igor Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan asalin Rasha, wasu kuma su jingina ta ga Luigi Dallapiccola, wanda shi ma Ba'italiye ne. Su kuma masoyan Vivaldi, idan suka tashi kare shi, sai su nuna fitaccen aikinsa mai suna Le quattro stagioni, wato Lokutan Shekara Huɗu, su ce ai ga tsuntsaye suna kuka a ciki, ga tsawa, ga kare yana haushi. A wajensu gwanintarsa ita ce zana hoto da sauti.

Wannan takarda ba ta gamsu da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ba. Ra'ayinta shi ne ƙarfin kiɗan Vivaldi yana cikin yadda yake sarrafa amshi, kuma ɗalibin da ya yi darasin waƙar baka ta Hausa yana da kunnen da zai gane wannan fiye da yadda yake zato. Wanda ya saba sauraron Mamman Shata ya san cewa dawowar amshi sau talatin a waƙa guda ba ita ke sa waƙa ta gunduri mutum ba. Ya kuma san akwai makaɗan da amshinsu na biyu ma yake isar mutum. Ina bambancin yake? Tambayar da za mu ɗora wa Vivaldi ke nan.

Kafin mu shiga, ga wasu kalmomi. Biyolin shi ne gogen Turawa, mai tsirkiya huɗu, wanda ake ɗorawa a kafaɗa. Biyola ta ɗan fi shi girma da kaurin murya, celo kuma ya fi su duka biyun, a zaune ake goga shi. Koncerto kiɗa ne wanda ba waƙa a cikinsa, inda makaɗi ɗaya ko ƴan kaɗan suke ja, sauran ƙungiyar tana karɓa. Wannan kalma a yi mata karatun Hausa yadda take a rubuce, domin harafin c na Italiyanci a nan daidai yake da namu.

Fada mai goge

An haifi Vivaldi ranar 4 ga Maris 1678, a tsakiyar zamanin da masana tarihin kiɗa suke kira Barok, wanda ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750. Ungozoma ce ta yi masa baftisma nan take a gida, don ana tsoron ba zai rayu ba. Mahaifinsa, Giovanni Battista, mai aski ne da ya koma makaɗin biyolin, har aka ɗauke shi aiki a babban cocin San Marco a 1685. A 1703 aka naɗa Antonio fada na Katolika yana ɗan shekara 25, kuma saboda jan gashin da ya gada mutanen Benis suka laƙaba masa Jan Fada. Bai daɗe ba ya daina jagorancin ibada a coci. Dalilin da ya bayar da kansa, a wata wasiƙa ta 1737, shi ne ciwon ƙirji da yake fama da shi tun haihuwa, wanda manazarta da yawa suke ɗauka asma ce. Bahaushen da ya san irin kallon da malamai suke yi wa goge a ƙasarmu zai yi mamakin jin malamin addini da goge a kafaɗa, amma a Benis ta wancan lokaci fada makaɗi ba baƙon abu ba ne.

Abin da ya fi muhimmanci ga tarkenmu shi ne wurin da ya yi aiki. A watan Satumba na 1703 aka ɗauke shi malamin biyolin a Ospedale della Pietà, a kan albashin dukat 60 a shekara. Pietà gida ne na renon jariran da aka yar, an kafa shi tun ƙarni na 14, yana kuma cikin manyan gidajen jinƙai huɗu na birnin da suka yi suna da kiɗa. Yara maza akan koya musu sana'a su fita. A cikin mata kuwa, waɗanda aka ga suna da kunne sai a ware su a koya musu waƙa da kayan kiɗa, kuma da yawansu a nan suke tsufa, su zama malaman na baya. Suna kiɗa ne a bene, a bayan ragar ƙarfe, yadda masu sauraro ba sa ganin fuskokinsu sosai. Baƙi daga Faransa da Ingila da Jamus sukan zo takanas don su ji su, kuma gudummawar masu sauraro tana cikin abin da ke riƙe da gidan.

To, gida irin wannan kullum yana bukatar sabon kiɗa. Shugabanninsa kuma ba su da sanya: kowace shekara sai sun kaɗa ƙuri'a a kan ko malami zai ci gaba. A 1709 ƙuri'a ta kayar da Vivaldi, sai a 1711 aka mai da shi. A 1723, lokacin da tafiye-tafiye suka yi masa yawa, suka ƙulla da shi cewa zai riƙa kawo musu koncerto biyu kowane wata, kowanne a kan tsabar zinariya guda, idan ba ya gari kuma ya aiko ta gidan waya. Duk wanda ya yi lissafin biyu a wata na tsawon shekaru zai ga ɗaya daga cikin hanyoyin da ɗari biyar ɗin nan ta taru. Kimanin 230 daga ciki na biyolin guda ne, 27 na celo, 39 na fagoto, wata doguwar abar busa ta katako mai kaurin murya. Fiye da ashirin ya rubuta su ne musamman don Anna Maria, ɗalibarsa a Pietà, wadda ta zama ɗaya daga cikin gwanayen biyolin na zamaninta. Saboda haka kiɗan nan ɗinki ne da aka auna a jikin masu shi, aka kuma yi shi don a sa a rana guda, ranar wani biki ko wata ibada. Ba wanda ya taɓa nufin a jera guda arba'in a saurara a zama ɗaya.

Zubi da tsarin koncerto

Sunan Vivaldi ya fita daga Italiya ne a 1711, sa'ad da Estienne Roger ya buga masa L'estro armonico a Amsterdam, kundi mai koncerto 12 na biyolin ɗaya ko biyu ko huɗu. Zubin da ya fi so, wanda daga baya ya zama ƙa'ida a Turai, shi ne zango uku: na farko mai sauri, na biyu mai natsuwa, na uku mai sauri. A zangon sauri ne ake samun abin da Italiyawa suke kira ritornello, wato ƴar dawowa. Dukan ƙungiya ce take buɗewa da shi, sai mai biyolin guda ya ja nasa, sai ƙungiya ta dawo da shi, sai ya sake ja, har a kai ƙarshe. Idan muka ce jagora da ƴan amshi, da gindin waƙa da ɗiyanta, ba mu yi nisa da gaskiya ba. Vivaldi ba shi ya ƙago wannan zubi ba, Giuseppe Torelli da Tomaso Albinoni sun riga shi taɓa shi, amma a hannunsa ya nuna.

Sai dai akwai bambanci biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, a waƙarmu gindin waƙa kalmomi ne, kuma sau da yawa a nan jigo yake kwance. Amshin Vivaldi ba kalma ko ɗaya a cikinsa, saboda haka dole ya kama kunne da siffarsa kaɗai: bugu mai ƙarfi, kari gajere, abin da mutum zai iya yi da fito bayan ji ɗaya. Yakan kuma gina shi guntu-guntu, don ya iya ɓalle guntu ɗaya ya dawo da shi ya bar sauran. Na biyu ya shafi abin da za mu kira gidan sauti. Kiɗan Turai na wannan zamani ana kafa shi a kan sauti guda wanda kunne yake ɗauka a matsayin gida, daga nan ake tashi, nan ake komawa. Gidajen iri biyu ne, mai haske da mai duhu, kuma ko wanda bai taɓa karanta kiɗa ba yana jin bambancinsu. Amshin farko da na ƙarshe a gida suke. Na tsakiya kuwa kowanne a wani masauki yake faɗowa. Aikin jagora shi ne ya ɗauki mai sauraro daga wannan masauki zuwa wancan, aikin amshi kuma ya ce an iso. Amshin da ya dawo a baƙon wuri, ko ya dawo rabi, ba a ce masa maimaici kai tsaye ba.

Shaidar da ta fi kowace nauyi a kan wannan zubi daga Jamus ta zo. Johann Sebastian Bach, wanda ba mai zarginsa da ƙarancin tunani, ya zauna ya juya koncerto shida daga L'estro armonico zuwa wasu kayan kiɗa: biyar ya mai da su na ogan ko na cembalo, kakan piyano, tun yana aiki a Weimar, na biyolin huɗu kuma ya mai da shi na cembalo huɗu bayan ya koma Leipzig. Johann Nikolaus Forkel, wanda ya buga tarihin Bach a 1802, ya tafi a kan cewa daga wannan aiki ne Bach ya koyi tsara tunaninsa na kiɗa. Ko da Forkel ya ɗan ƙara gishiri, kofen suna nan.

Lokutan Shekara Huɗu

Koncerto huɗun da suka fi shahara su ne na farko a cikin kundi na takwas, Il cimento dell'armonia e dell'inventione, ma'ana gwagwarmaya tsakanin ƙa'idar jituwar sauti da ƙirƙira. Michel-Charles Le Cène ya buga shi a Amsterdam a 1725, an kuma sadaukar da shi ga wani basarake na Bohemiya, Wenzel von Morzin. Kowane koncerto yana tare da soneto, waƙa mai layi 14, wadda masana da yawa suke ganin Vivaldi ne ya rubuta da kansa. An sa wa sassan waƙar haruffa, A, B, C, aka kuma sa haruffan a cikin takardar makaɗa, a daidai inda kiɗan yake kwatanta abin da layin ya faɗa.

Matsala ta farko ta mai fassara ce, kuma tun daga sunaye take farawa. Primavera, estate, autunno, inverno. Ƙamusoshi sukan ba da primavera a matsayin bazara, alhali bazararmu zafi ce da gumi da jiran hadari, ita kuwa primavera lokaci ne na sanyi-sanyi da tohon ganye bayan wucewar ƙanƙara. Idan hoton Vivaldi za a bi, estate ce ta fi kama da bazara, domin abin da ke cikinta shi ne rana mai gasa mutum da dabba, da ƙudaje, da hadarin da ke haɗowa. Autunno ta yi daidai da kaka, tunda an gama girbi ana shagali. Inverno mukan ce hunturu, amma hunturunmu busasshe ne, nasu kuwa da ruwan sama da tafiya a kan daskararren ruwa. A wannan takarda za mu bar sunayen da Italiyancinsu. Abin lura dai shi ne hoton bai ƙetare Sahara lafiya ba. Ɗalibi a Damagaram ko Garwa bai taɓa zamewa a kan ƙanƙara ba, amma idan aka sa masa kiɗan yakan kama shi. Ashe akwai abin da ke riƙe da shi ban da hoto.

Matsala ta biyu ita ce ko biyolin yana iya magana. Mun san kalangu yana yi, domin Hausa harshe ne mai karin sauti: makaɗi ya matse a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, ya bi karin kalmomi da tsawon gaɓoɓinsu. Duk da haka, wanda bai san taken ba tun farko da wuya ya tsinci kalmomin. Italiyanci ba ya bambanta kalmomi da hawa da saukar murya irin namu, saboda haka biyolin ba shi da wannan hanya ko kaɗan. Iyakarsa ya kwaikwayi ƙara, kamar kukan tsuntsu, ko ya kwaikwayi motsi, kamar tangaɗin mashayi. Sauran kuwa sai an gaya wa mutum. Shi ya sa aka buga waƙoƙin tare da kiɗan. Waƙoƙin su kansu, a matsayinsu na adabi, ba su taka kara sun karya ba, jerin abubuwa ne kawai da aka ɗaure da amsa-amo.

Mu ɗauki zangon farko na Primavera, wanda bai wuce minti uku da rabi ba. Amshin guntu biyu ne. Ƙungiya ta yi na farko da ƙarfi ta sake shi a hankali, ta yi na biyu da ƙarfi ta sake shi a hankali, a gidan Mi mai haske. Sai kowa ya yi shiru, a bar biyolin uku suna cacar baki irin ta tsuntsaye, ba wata murya mai kauri a ƙarƙashinsu, kiɗan ya tsaya cik a wuri guda kamar an dakatar da agogo. Amshi ya dawo, amma guntu na biyu kaɗai. Sai gudun ƙorama, a hankali, wanda ya gangara da mu zuwa gidan maƙwabci, guntun nan ya sake faɗowa a can. Sai tsawa: kowa yana goga sauti guda mai kauri da sauri-sauri, walƙiya tana tsaga sama, jagora yana gudu a tsakani. Da hadarin ya wuce sai ga guntun nan dai, wanda muka riga muka haddace, amma yanzu a gida mai duhu. A ganina nan ne zuciyar zangon. Kari ɗaya ne, ba a sauya masa tafiya ba, amma ya fito daga ruwa a jiƙe. Tsuntsayen da suka biyo baya ma a ɗarare suke fitowa, ɗaya bayan ɗaya. Da a ce mutum bai ji guntun sau da sau a cikin haske ba, da duhun bai yi masa komai ba. Wato maimaicin da ake zargi shi ne jarin da aka tara don a kashe a wannan wuri.

Zango na biyu shi ne mai karen da ake yawan ambato. Jagora yana jan dogon kari mai taushi, makiyayin awaki ke nan yana barci. Sauran biyolin suna raɗa a ƙasa-ƙasa, ganyaye ke nan. Biyola kuma tana buga sauti biyu, gajere da dogo, ba fashi, kuma Vivaldi ya rubuta wa mai ita cewa ya yi da ƙarfi, da kaushi. Celo da sauran masu kaurin murya an sallame su gaba ɗaya. Gaskiya ita ce, a sa wa mutum goma wannan zango ba tare da an gaya musu ba, da wuya a sami wanda zai ce kare. Abin da kowa zai ji shi ne wani abu mai naci da ya ƙi barin natsuwar ta cika. Wannan ya isa, kuma ya fi karen daɗewa a rai. Ƙungiyoyi da yawa a tsakiyar ƙarni na 20 sun riƙa lallashin biyolar don kada ta ɓata daɗin karin, da haka suka zubar da abin da aka gina zangon a kansa.

Estate ce hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa koncerto ɗaya ne. Ƙa'ida ta ce amshin zangon farko ya zo da kuzari. Nan kuwa amshin numfashi ne na wanda zafi ya kayar: guntayen sauti masu gangarowa, da shiru a tsakaninsu, a gidan Sol mai duhu. Tsuntsun kuku ya yi nasa, kurciya ta yi nata, iska mai laushi ta taso, sai iskar arewa ta afko da fushi. Bayan makiyayi ya yi kukansa, a wani dogon ja da jagora yake yi shi kaɗai da mai raka shi, kunne yana jiran amshin farko ya zo ya rufe kamar yadda aka saba. Bai zo ba. Iskar arewa ce ta dawo ta rufe zangon, wato baƙo ya kori mai gida. Wanda bai saba da ƙa'idar ba ba zai san an karya ta ba, kuma Vivaldi ya san masu sauraronsa sun saba, tunda shi ya sabar musu.

A Inverno amshin ba shi ma da karin da za a yi fito da shi. Celo ya fara buga sauti guda gajere-gajere, biyola ta hau kai, biyolin suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sautin da ke gogar na ɗan'uwansa, har haƙoran mai sauraro su yi tsami. Zango na biyu kuma, na zama kusa da wuta ana ruwa a waje, inda ake tsinkar tsirkiya da yatsa a madadin ɗigon ruwa, kari ne da zai tsaya da ƙafarsa ko an yaga waƙar an yar.

Inda masu zargi suke da gaskiya

Ba Stravinsky ne ya fara ba. Carlo Goldoni, marubucin wasan kwaikwayo, wanda ya yi aiki da Vivaldi a 1735 a kan opera mai suna Griselda, ya ɗauke shi gwanin biyolin amma matsakaici wajen tsara kiɗa. Charles Avison a Ingila, a littafinsa na 1752, ya jefa shi a sahun ƙasa. Wani Bajamushe matafiyi, Johann Friedrich von Uffenbach, ya gan shi yana goge a 1715, ya ce saurin yatsunsa da nisan da suke kaiwa a kan tsirkiya sun firgita shi, amma abin ya fi ba shi mamaki a kan daɗi. Shi ma Vivaldi bakinsa ya ja masa. Bafaranshe Charles de Brosses, da ya gana da shi a 1739, ya ruwaito cewa yana alfaharin zai tsara koncerto da dukan sassansa kafin magatakarda ya gama kwafe shi. A kan takardar operarsa Tito Manlio an rubuta cewa a kwana 5 aka yi kiɗan. A 1733 ya gaya wa Bature Edward Holdsworth cewa ya daina buga kundi, domin sayar da rubutun hannu, kowane koncerto a kan gini guda, ya fi kawo riba.

Gaggawa kuwa tana barin sawu. Vivaldi yana da wata dabara da yake faɗawa cikinta duk lokacin da tunani ya ƙare: ya ɗauki ɗan guntun kari ya yi ta sauko da shi mataki-mataki, sau huɗu, sau shida, har ya isa gidan da yake so. Idan aka yi ta a inda ta dace tana da daɗi kamar gangara a kan keke. Idan ta zama ita ce dukan abin da jagora zai faɗa, to ciko ce, irin ɗan waƙar da makaɗi yake jefawa don kawai ya ja lokaci kafin wani mai kyauta ya shigo fili. Akwai koncerto da dama, musamman waɗanda aka yi don sayarwa ga baƙi, da ba su wuce wannan ba. Ko a cikin Lokutan Shekara ba duka ne suka yi daidai ba. Zangon farauta da ya rufe Autunno, a nawa kunnen, shi ne mafi rauni: amshin mai tsalle irin na doki yana dawowa kusan yadda ya tafi, kuma mutuwar dabbar da ake bi ba ta bar masa tabo ba. A nan kam maimaici ne. Ma'aunin da muka samu daga Primavera shi ne ya kama Autunno: a duba ko abin da jagora ya yi a tsakani ya sauya yadda ake jin amshin idan ya dawo. Ɗalibi yana iya gwada wannan ma'auni a kan duk waƙar baka da yake nazari.

Akwai kuma laifin da ba nasa ba. Vivaldi ya bar Benis a 1740, lokacin da yayinsa ya wuce a can, ya nufi Biyana, inda sarki Charles na Shida, wanda ya karrama shi a 1728, yake mulki. Sarkin ya mutu a watan Oktoba na shekarar. Vivaldi ya bi shi a ƙarshen Yuli 1741 yana da shekara 63, aka yi masa jana'iza marar armashi a maƙabartar wani asibiti. Daga nan aka manta da shi kusan shekara ɗari biyu, sai dai masu binciken Bach da suke cin karo da sunansa. A 1926 wata makarantar ƴan mishan a yankin Monferrato ta nemi a kimanta mata wasu tsofaffin littattafai da take son sayarwa. Masanin kiɗa Alberto Gentili ya duba ya ga rabin taskar rubutun hannun Vivaldi ce. Aka bi sawun ɗaya rabin har gidan zuriyar Durazzo a Genoa. Attajirai biyu, Roberto Foà a 1927 da Filippo Giordano a 1930, suka saya wa ɗakin karatu na ƙasa da ke Turin, kowannensu don tunawa da ɗansa da ya rasu yana ƙarami. Alfredo Casella ya shirya makon Vivaldi a Siena a 1939, bayan yaƙin duniya na biyu kuma faifai suka yi ta fitowa. A cikin wannan ambaliya ce, a ƙarshen shekarun 1950, Stravinsky ya yi tasa maganar, sa'ad da ake jera koncerto shida a faifai guda, ana kuma goga su duka da murya ɗaya mai santsi. Faifan Nigel Kennedy na 1989 ya sayu fiye da miliyan biyu. Amshin Primavera ya shiga tallace-tallace da wayar tarho, inda ake yanke shi kafin hadari ya zo, a sake shi daga farko. Wanda ya san shi ta wannan hanya kaɗai yana da hujjar ƙosawa, domin an ba shi gindin waƙa an hana shi ɗiyanta.

Ɗalibin da yake son ya yanke wa kansa hukunci ya ajiye Lokutan Shekara na ɗan lokaci, ya nemi koncerto na 11 a cikin L'estro armonico, mai lamba RV 565 a jerin da Peter Ryom ya tsara. Ba waƙa a tare da shi, ba tsuntsu, ba kare. Ba ma da amshi yake buɗewa ba. Biyolin biyu ne suke fitowa su kaɗai, ɗaya yana bin sawun ɗaya a gidan Re mai duhu, sai celo ya karɓe, sai ƙungiya ta yi wasu ƴan sautuka masu nauyi ta tsaya, sannan muryoyi su shigo bi da bi da kari guda suna saƙa shi. Yana cikin waɗanda Bach ya zauna ya kwafe da hannunsa ya mai da shi na ogan.